In'inar da Ta Ɓace a Kashi Na Tara

Masu karatu, ku gyara zama, yau ba zan rage muku komai ba, har wurin da wasunku za su ce ba ni da kunya. Sau uku aka faɗa min haka a satin nan a cikin gidanmu, na huɗun ba zai sa ni zazzaɓi ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon buga takardu kusa da tashar mota. Daga safe zuwa yamma ina gaban kwamfuta, ina buga wa mutane wasiƙar neman aiki da takardun makaranta. Aikin ya dace da ni, don yatsuna ne ke magana. Bakina kuwa in'ina gare shi tun ina ƙarama. Harafin "ba" shi ne babban maƙiyina, in ya tsaya min a leɓe sai ya ga dama yake wucewa. Na sha shiga kanti ina son biskit in fito da lemo, don lemo ya fi sauƙin faɗa. Waya kuwa ba na ɗagawa, kowa ya san ni da saƙo. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne in na ɗauki waƙa ko kaɗan ba na sarƙewa. A sakandare ina cikin ƙungiyar mawaƙan makaranta, can layin baya, kuma babu wanda ya kai ni murya. Wannan ba yabon kai ba ne, malaminmu ne ya faɗa.

Shi kuma mutumin da ke neman aurena, Gwaggo ce ta laƙaba masa Mai Gilashi, sunan ya bi shi. Marubuci ne a gidan talabijin. Shekara guda ke nan da ya fara shigowa shagonmu da rubutunsa a buga masa, firinta ta cinye masa shafi uku, ya tsaya yana kallona ina zaro su da tsinken gashi. Na ce masa ya yi haƙuri, kalmar ta maƙale, sai kawai ya tsaya ya jira. Bai kalli ƙasa ba, bai ƙarasa min ba. Ku da ba ku da in'ina ba za ku gane ba, amma wallahi a wannan jiran na fara sonsa.

Lokacin yana rubuta shiri mai dogon zango, Ƙararrawar Tashi, labarin 'yan sakandare masu ƙungiyar waƙa. Ya ce jarumar ta ƙi fito masa, ba ta da abin da za a kama ta da shi. Ni kuma da rawar kai na buɗe masa cikina. Na faɗa masa yadda nake buga babban yatsa a cinya in kalma ta ƙi fita, yadda nake fargabar amsawa in malami ya fara kiran suna, har labarin biskit da lemo. Ya zaro ɗan littafinsa ya ce, "Malama, kin yarda in rubuta?" Na ce na yarda. Haka aka haifi 'Yar Layin Baya, yarinya mai in'ina wadda in ta buɗe baki da waƙa duk makaranta ke yin tsit. Ranar da aka nuna kashi na farko, na ga tana buga yatsa a cinya, sai da na shige ɗaki na yi kukan daɗi.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa masa ba. Tun kafin in san shi ina da shafi a intanet, ba sunana ba hotona, mai suna Ba Haka Aka Yi Ba, inda nake tsefe shirye-shiryen talabijin. Da nasa ya fito ban ɗaga masa ƙafa ba, don shirin nan Allah ya hore masa ramuka. An shiga ɗakin gwaje-gwaje za a yi darasin kimiyya, sai ga ƙatuwar fiyano ta kiɗa a tsakanin kwalabe, babu wanda ya tambayi wa ya shigo da ita ta wannan 'yar ƙofar. Shugaban ɗalibai ya karye a hannun hagu, sati na zagayowa bandeji ya yi ƙaura zuwa dama. Shi kansa shugaban ɗaliban, in ka dubi sawun askin gemunsa ka san ya isa ya kai 'ya'yansa makarantar. Shugabar makaranta ta haramta waƙa a kashi na biyu har da rantsuwa, a na biyar ita ce a gaba tana juyi da mayafi, ba a ce mana ga abin da ya sauya mata zuciya ba. Jarrabawa kuwa tun kashi na uku ake cewa saura sati ɗaya, har yau satin bai ƙare ba.

Mai Gilashi da kansa yake karanta min waɗannan a falonmu, yana dariya har da cire gilashi ya goge ido.

"Wannan mai shafin ba ta da mutunci," in ji shi, "amma tana jawo mana masu kallo. Allah ya ƙara mata tsegumi."

Ni kuma in ce amin a zuciyata, in tura masa kofin shayi.

Sai kashi na tara ya zo. Ranar Asabar da yamma muna zaune, ni da Umma da Gwaggo, yayar Babanmu marigayi, wadda ba ta wuce shirin ko da ruwa ake da ƙanƙara. Shugaban ɗalibai ya tare 'Yar Layin Baya a gindin bishiya ya ce yana sonta. Na gyara zama ina jiran yatsanta ya sauka a cinya. Sai yarinya ta buɗe baki ta zubo jawabi, santala-santala, kamar mai karanta labarai. Minti biyu tana magana ko tuntuɓe babu. Kafin a tashi har muhawara ta shiga ta kayar da 'yan aji shida. Ba a nuna ta je wurin likita ba, ba a nuna ta yi wani atisaye ba, ba wanda ya ce mata, ke, ina in'inar taki? Namiji ya ce yana sonta, shi ke nan ta warke.

Gwaggo ta tafa hannu ta juyo gare ni.

"Kin gani ko, Auta? Dama na faɗa, abin nan rashin kwanciyar hankali ne. Ke ma ana ɗaura auren nan bakin zai saki."

Umma ta yi murmushi ta ce Allah ya sa. Ni kuwa ji na yi kamar an kwara min ruwan sanyi a tsakar ka. Shekara ashirin ina fama, an kai ni wurin masu magani har na haddace hanya, na sha abin da ko a mafarki ba na son tunawa, ashe abin da ya rage min kawai shi ne wani ya tare ni a gindin bishiya.

Ranar Litinin, tsakanin wani mai neman aikin gadi da wata mai takardar haya, na rubuta abin da ya jawo duk wannan rigimar:

"Fiyano mun yafe, bandeji mun yafe. Amma ina kuka kai in'inar 'Yar Layin Baya? Sati takwas kuna nuna mana yarinyar da ta koyi tsayawa gaban mutane da bakinta yadda yake, a na tara kuka ce ashe jira take a so ta. In'ina ba ta jin ana sonka. Yaran da suka ga kansu a jikinta me kuka faɗa musu? Cewa duk wanda bai warke ba, ba a so shi ba ne?"

Kafin in tashi aiki rubutun ya fi ƙarfina. Wata uwa ta rubuto cewa ɗiyarta ta tambaye ta ko ita ba a sonta ne. Wani direba ya ce shekararsa ashirin da aure, matarsa na sonsa kamar me, kuma har yau sai ya yi kokawa da sunan unguwarsu. Jaridu biyu suka ɗauka. Ranar Laraba saƙonnin Mai Gilashi suka fara shigowa kamar ruwan sama.

"Kin ga abin da matar nan ta yi min?"

"Shugabanni sun kira ni ofis. Sun dakatar da maganar zango na biyu sai ƙura ta lafa."

"Mutum ya zauna a ɗaki ba aikin fari ba na baƙi, ya rusa wahalar wasu. Me ta sani a kan in'ina?"

Na daɗe ina kallon na ƙarshen. Na rubuta doguwar amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe kalma biyu na tura masa: "Ni ce."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta ɓace. Kwana biyu ban ji ɗuriyarsa ba. Ashe wurin Gwaggo ya kai ƙara.

Ranar Juma'a na dawo aiki na tarar da ita a ɗakin Umma, ta cire mayafi ta ɗora a cinya, alamar zaman na dogo ne. Umma na ninke kayan wanki, riga ɗaya take ninkewa tana warwarewa.

"Ke Auta, zo nan, mara kunya," in ji Gwaggo. "Maza nawa suka zo gidan nan suka juya? Uku! Na ƙarshen cewa ya yi ba zai iya da matar da ba ta ɗaga waya ba. Allah ya kawo miki wanda ya ɗauke ki da lalurarki, mai aikin yi, mai ladabi, shi ne za ki tona masa asiri a duniya? Ko uwarsa ba ki gaisa da ita ba tukuna kin fara yi masa ɓarna."

Wannan kam gaskiya ta faɗa. Shekara guda ban taɓa jin muryar Hajiyarsa ba. Umma ce kawai ke gaisawa da ita a waya. Duk ranar da na ce ya kai ni, sai ya ce ta yi tafiya, ko ƙafa na damunta, ko mu bari a gama ɗaukar shiri.

Na ce, "Gwaggo, ai g-g-g..."

"Gaskiya kika faɗa, na sani, gaskiyar banza! Gaskiya ce za ta aure ki?"

Umma ba ta ɗago ba ta ce, "Ki goge kawai, Auta. Gobe zai zo. Ki ba shi haƙuri a wuce wurin."

Muryarta ce ta fi yi min ciwo, don ba faɗa a ciki, tsoro ne zalla. Umma tana ganin in wannan ya tafi babu wani mai zuwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma tunanin ya ɗarsu a raina, kuma ina son mutumin nan.

Asabar bayan la'asar ya iso. Gwaggo ta so in sa leshi mai ruwan hoda da ta ce yana sa mace ta yi kama da mai neman gafara. Na sa doguwar rigata baƙa mai ɗinkin zare ja a wuya, na ɗaura ɗankwali ja, na zizara kwalli, na ƙi shafa turaren da ya saya min. Shi kuma ya zo da farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ƙyalli, agogo a hannu, fuska ba walwala. Ya durƙusa ya gaida su Umma. Gwaggo ta ce yau ba za su ba mu wuri ba, a gabansu za a kashe maganar. Fanka na juyawa tana 'yar ƙararta, talabijin a rufe da ƙyallen da Umma ta saƙa, shayi na huci a tire.

"Ni ban zo da faɗa ba, Umma," ya ce. "Abu biyu kawai nake roƙo. Ta goge rubutun, sannan ta sa wani ta ce ba ta fahimci labarin ba ne. In ta yi haka shugabanni za su sauko."

"Ai ta ji," in ji Gwaggo. "Ɗauko wayar."

Ban motsa ba. Na dube shi na ce, "Me ya sa ka c-c-c..."

"Na cire? Malama, aikin talabijin ba kamar rubutu a shafi ba ne. Ita jarumar ta gaji, abin yana wahalar da ita. Kuma kowace fitowa tana cin lokaci. Minti ashirin da biyar gare mu, ga waƙoƙi, ga talla."

"Amma ai da f-f..."

"Da farko ya yi kyau, na sani. Amma sati takwas fa. Mutane sun gaji da jiran ta gama magana."

Ya faɗe ta kafin ya ji me ya faɗa. Har Gwaggo sai da ta kawar da kai. Ni kuwa a lokacin na lura da abin da na daɗe ina ƙin gani: sau biyu na buɗe baki, sau biyu ya ƙarasa min. Na shiga lalube a raina yaushe rabon da ya bar ni in kai ƙarshen zance, na kasa tunawa. Mutumin da na so saboda jira, ya daɗe da daina jira, ni ce ban duba ba.

Ya ce, "Ba haka nake nufi ba..."

Na ɗaga masa hannu. Na ɗora babban yatsana a cinya. Kalmar da nake so da "ba" ta fara, kuma na san zan iya kauce mata, in ce a'a, in ce na ƙi, in fito da lemo kamar kullum. Na rantse a raina yau biskit zan saya.

"B-b-b..."

Leɓena ya manne. Idona ya kawo ruwa, ina jin fanka tana ƙirga min daƙiƙu. Mai Gilashi ya buɗe baki, na watsa masa harara ya rufe.

"B-b-b-b..."

"Cewa take ba komai, za ta..." in ji Gwaggo.

"Yaya, bar ta ta ƙarasa."

Umma ce. Umma da tun ina shekara biyar take ƙarasa min magana a gaban baƙi don kar a yi min dariya. Ta ajiye kofinta, ta harɗe hannu, ta zuba min ido tana jira.

"B-ba zan goge ba," na ce. Da ta fita sai sauran suka biyo ta, suna tuntuɓe amma suna tafe. "Kuma b-ba zan ce ban fahimta ba, don ni ce labarin. Ni b-ba zan warke a kashi na tara ba, Malam. In ka aure ni, da wannan b-bakin za ka zauna, safe da yamma, har tsufa. In ka gaji tun yanzu, g-gara ka faɗa."

Ban san minti nawa na ci ba, amma shayin ya daina huci. Ya cire gilashi ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya ce zai yi tunani. Ya yi wa su Umma sallama ya fita, ko kofin bai taɓa ba. Gwaggo ta yafa mayafi ta ce ta wanke hannunta daga lamarina, in na tsufa a gida kar a neme ta. Har ta kai ƙofa ta dawo ta ɗauki biskit biyu a tire, sannan ta tafi.

Na shiga ɗaki, raina rabi fushi rabi wani irin sakayau da ban taɓa ji ba. Na buɗe shafina, sai ga saƙo a akwatin sirri daga wadda ban zata ba.

"Yayata, ni ce mai fitowa a 'Yar Layin Baya. An ce min ana yaɗa cewa ni na gaji. Wallahi ban gaji ba, wata uku na yi ina koyon abin nan, har kuka na yi ranar da aka cire. Darakta ma bai so ba. Marubucin ne ya zo da sabon rubutu ya dage. Na ji shi da kunnena yana ce wa darakta mahaifiyarsa ba ta wuce shirin, kuma akwai yarinyar da zai kai mata, so yake kafin nan ta yarda abin yana warkewa."

Sau uku na karanta. Watanni ina neman ramukan shirin nan, ashe wannan ba mantuwa ba ce, da gangan aka haƙa shi, kuma saboda ni. Tafiyar Hajiya, ciwon ƙafar Hajiya, duk sai suka jeru a gabana. Ɓoye ni yake yi har sai ya gama shirya mata ƙarya.

Na fito na tarar da Umma tana kwashe kofuna. Na miƙa mata wayar ta karanta, na ga leɓenta na motsi a hankali. Da ta gama na ce ina son lambar Hajiyarsa.

"Saƙo za ki tura mata?"

Na girgiza kai.

Umma ta ajiye kofunan. Sannan ta goge hannunta a zani, ta ɗauko wayarta, ta karanto min lambar ɗaya bayan ɗaya. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni har kafaɗarmu na gogar juna.

Shekara shida rabon da in kira wani a waya da hannuna. Na danna. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, a na uku aka ɗaga.

"Salamu alaikum," in ji wata dattijuwar murya. "Wa ke magana?"

Na ɗora yatsana a cinya, na ja numfashi, na buɗe baki.